Yaushe Ake Ajiye Alƙalamin Gyara? Jagora Ga Marubucin Da Ya Kasa Sakin Rubutunsa

Akwai wani gajeren labari da na riƙe kusan shekara 2 ina gyarawa, alhali tsawonsa duka shafi 11 ne. Ranar da idona ya buɗe, ina neman wata jimla ce da na tuna na taɓa rubutawa, sai na baje tsofaffin kwafin a gabana. A kwafi na 3 jimlar ta ce: "Ta ja ƙofar a hankali don kada ya farka." A na 8 ta koma: "Cikin sanɗa da taka-tsantsan ta mayar da ƙyauren, zuciyarta na dukan uku-uku, gudun kada ƙarar ta tashe shi daga barcinsa." A na 14, wanda nake kai a lokacin, ga abin da na tarar: "Ta ja ƙofar a hankali, don kada ya farka." Bayan duk wannan wahala na dawo inda na baro, abin da ya ƙaru waƙafi ne guda. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin a cikin waɗannan watanni akwai labarai aƙalla 3 da suka zo mini, na ce su dakata sai na gama wannan, har suka huce suka tafi.

Tun daga ranar na tsara wa kaina hanyar da zan bayyana a nan. Na san ciwon tsoho ne. Ana danganta wata magana ga Alƙali al-Fadil, magatakardan Salahuddin al-Ayyubi, a wasiƙar da ya aika wa Imaduddin al-Isfahani, cewa ba wanda zai rubuta littafi yau face gobe ya ce da an canza nan da ya fi kyau, da an ƙara wancan da ya fi, da an gabatar da wannan, da an bar wancan. Mawaƙin Faransa Paul Valéry ma ya faɗi kusan haka a 1933, cewa ba a gama aiki, barinsa ake yi. Saboda haka idan kana jiran ranar da za ka karanta rubutunka ka rasa abin taɓawa, ka sani ba ta zuwa. Wata alama za ka nema daban, kuma ita ce wannan: gyara ya ƙare a lokacin da canjin da kake yi ya daina canza abin da mai karatu zai samu.

Mataki na farko: rubuta alkawarin aikin

Kafin ka taɓa ko da harafi ɗaya a daftarin farko, ɗauki 'yar takarda ka rubuta a jimla ɗaya ko biyu abin da kake so rubutun ya yi wa mai karatu. Ban ce ka taƙaita labarin ba. Abin da nake nufi kamar haka: "Ina so mai karatu ya fara da jin haushin uban nan, ya ƙare yana tausayinsa ba tare da uban ya canza hali ba." Ko ga waƙa: "Ina so a ji kewar mamaci ba tare da na ambaci mutuwa ko sau ɗaya ba."

Wannan takarda ita ce ma'auninka. Wanda ba shi da ita yana auna rubutunsa ne da wani cikakken abu da ke yawo a kansa, wanda yau yake da siffa ɗaya gobe wata, gwargwadon littafin da ya karanta jiya da dare. Ba za ka taɓa cim ma abin da ke gudu ba. Idan a tsakiyar aiki ka gane alkawarin ne ya kamata ya canza, canza shi, hakan na faruwa kuma sau da yawa alheri ne. Amma ka rubuta sabon, ka sa kwanan wata. In ka ga ka canza shi sau 3, to labarai biyu ne suke kokawa a cikin fata ɗaya, sai ka raba su.

Mataki na biyu: bar shi ya huce

Ido da ya daɗe a kan shafi ba ya ƙara ganin abin da ke rubuce, abin da ke cikin kai yake karantowa. Shi ya sa za ka wuce sau 10 ta inda wata kalma ta faɗi ba ka lura ba. Ajiye daftarin. Mawaƙin Rumawa Horace ya ba da shawarar a riƙe rubutu shekara 9 kafin a fitar, marubucin Amurka Stephen King kuwa ya ce aƙalla mako 6 ga littafi. Ni a nawa aikin, mako 1 zuwa 2 ya ishi waƙa ko gajeren labari, wata guda zuwa 2 ga dogon labari. Sharaɗin dai kada ka leƙa, kuma ka kama wani rubutun a tsakani.

Mataki na uku: yi gyara hawa-hawa, kana rufe ƙofa a bayanka

A nan ne mafi yawanmu muke ɓata. Mutum zai buɗe shafin farko da niyyar "gyara", ba tare da ya san wane irin gyara ba, ya ɓata sa'a 2 a kan sakin layi na farko, ya gaji, ya rufe. Gobe ya sake farawa daga shafin farko. Bayan wata 6 babin farko yana ƙyalli, babi na 9 kuwa ba a taɓa shi ba tun ranar da aka rubuta shi. Maganin abin shi ne ka raba gyara hawa 4, ka bi su a jere daga babba zuwa ƙarami.

Hawa na farko shi ne ginshiƙi, wato zubi da tsari. Karanta aikin duka a zama ɗaya in zai yiwu, hannunka ba ya taɓa jimla. Tambayoyinka manya ne. Shin labarin ya fara a inda ya kamata, ko shafuka 5 na farko share fage ne kawai? Me tauraruwar take so, kuma mene ne ya tare mata hanya? Akwai mutum biyu da suke aiki ɗaya a labarin, waɗanda za a iya haɗe su? Ƙarshen ya fito daga cikin abin da ya gabata, ko daga sama ya faɗo? A wannan hawa ake rushe bango, a cire babi sukutum, a mayar da na 6 ya zama na 2. Yana da zafi, kuma shi ya sa mutane suke tsallake shi su tafi gyaran kalmomi, inda ba a zubar da jini. Amma shafe a kan bangon da ya tsage asarar shafe ne.

Hawa na biyu shi ne babi-babi, ko fage-fage. A gefen kowane fage rubuta abin da ya canza tsakanin farkonsa da ƙarshensa: wani ya san abin da bai sani ba, wata ta yanke shawara, amana ta karye. Fagen da ka rasa abin rubutawa a gefensa, ko dai ka ba shi aiki ko ka cire shi, komai daɗin hirar da ke ciki.

Hawa na uku ne jimla da kalma. Nan za ka nemi maimaici, siffofin da suka yi cunkoso, maganar da aka sa a bakin yaro alhali ta dattijo ce, karin maganar da aka cusa don ado. King yana da wata ƙa'ida da ya ce wani edita ne ya rubuto masa: daftari na biyu shi ne na farko a cire kashi 10 cikin 100. Ba doka ba ce, amma tana nuna alƙibla. Idan rubutunka kullum ƙara kumbura yake yi a wannan hawa, ka tsaya ka bincika.

Hawa na huɗu ƙa'idojin rubutu ne zalla: baƙaƙe masu lanƙwasa, inda ake haɗe kalma da inda ake rabawa, aya da waƙafi, sunan da ya fara da Hadiza ya koma Hadizatu a babi na 7.

Kowane hawa ka ba shi zagaye ɗaya, in ya matsa 2. Da ka sauka daga hawa, ka rufe shi. Ba a komawa na sama sai da hujja mai ƙarfi, irin wadda za ka iya faɗa wa wani da baki ya gamsu. Kuma duk lokacin da za ka fara sabon zagaye, adana tsohon kwafi da lambarsa da kwanan wata, kada ka riƙa gyara a kan fayil ɗaya kana goge sawunka. Da ban ajiye kwafi na 3 ba, da har yau ban san na yi da'ira ba.

Mataki na huɗu: tambayi kowane canji dalilinsa

Wannan shi ne zuciyar al'amarin, don haka zan ɗan daɗe a kai. Daga zagaye na uku zuwa sama, duk canjin da za ka yi, ka tilasta wa kanka ƙarasa wannan jimla: "Na canza wannan ne domin mai karatu zai…" Domin zai ruɗe game da wanda ke magana. Domin zai gane ƙarshen tun da wuri. Domin zai yi tuntuɓe a kan kalmomi 3 masu sauti ɗaya a jere. Waɗannan dalilai ne na gaske, kuma muddin irinsu kake samu, ci gaba da gyara, ko zagaye na nawa ne. Marubucin Amurka Ernest Hemingway ya shaida wa mujallar Paris Review a 1958 cewa sau 39 ya sake rubuta shafin ƙarshe na littafinsa A Farewell to Arms kafin ya gamsu. Yawan zagaye ba laifi ba ne idan akwai takamaiman wurin da ke yoyo kuma mai ɗaki ya san shi.

Amma akwai ranar da za ka ga jimlar ba ta ƙarasuwa. Abin da zai fito shi ne "domin na ji kamar ya fi", ko "domin na gaji da ganin waccan kalmar". Ka sauya "ya dube ta" zuwa "ya kalle ta", gobe ka mayar. Ka sa waƙafi da safe ka cire da yamma. Rubutun yana motsi gefe-gefe, ba ya gaba. Ga yadda nake aunawa: a zagaye guda, nakan sa ɗigo a gefen duk canjin da na yi, in zagaye ɗigon da ke da dalilin mai karatu. Idan na ƙirga na tarar mafi yawan ɗigon ba su da zagaye, na san na iso.

Akwai wasu alamomi da suke rakiyar wannan. Ka fara dawo da abin da ka cire da hannunka. Gyaran da ka yi a shafi na 4 ya ɓalle wani abu a shafi na 20, ka gyara wancan ya ɓalle wani. Ka daina jin komai game da mutanen labarin, sun zama kalmomi kawai. Mafi hatsari a cikinsu, wuraren da suka fi rai a daftarin farko, wata baƙuwar jimla mai kaifi, wata magana da ta fito a karkace amma daidai da bakin mai ita, su ne ka fara gogewa don su yi kama da sauran. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Rubutun da aka goge fiye da kima yakan fito sumul, babu kuskure, babu kuma mai shi a ciki.

Masu waƙa sun fi kowa sanin wannan haɗari. Baiti kamar saƙa yake: ka zare kalma ɗaya a ɗango na biyu, kari ya gurgunce, ka gyara kari, amsa-amo ya kuɓuce, ka kamo amsa-amo da wata kalmar aro, ma'ana ta tafi. An san Zuhairu bin Abi Sulma, ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Larabawa kafin Musulunci, da ƙasidun da ake kira Hauliyyat, saboda an ce yakan shekara yana tace ƙasida kafin ya fitar da ita. Abin da ya kamata a lura da shi a labarin nan shi ne shekarar tana ƙarewa, ƙasidar kuma ta fita.

Mataki na biyar: ba kunne dama

Karanta aikin da murya, daga farko har ƙarshe, a tsaye in za ka iya. Marubucin Faransa Gustave Flaubert, wanda ya shafe kusan shekara 5 a kan littafinsa Madame Bovary, ya shahara da ɗaga murya yana karanta jimlolinsa don ya ji inda suka yi nauyi. Inda numfashinka ya yanke, inda harshenka ya sarƙe, inda hankalinka ya tafi wani wuri kana tsakiyar karatu, sa alama ka wuce. Wuraren nan kaɗai za ka gyara. In ka samu wanda zai karanta maka kana saurare, ya fi, domin shi ba zai taimaki jimlar da muryarsa ba yadda kai za ka yi.

Mataki na shida: masu karatu, kaɗan kuma sau ɗaya

Nemi mutum 2 ko 3, kada su wuce haka. Zaɓi masu karanta irin abin da ka rubuta, waɗanda ƙaunarka ba za ta hana su faɗa maka gaskiya ba. Kada ka tambaye su "ya yi kyau?", domin amsar ba ta da amfani ko wace iri ce. Tambaye su a ina suka ji kamar su ajiye, a ina suka ruɗe, wa suka fi damuwa da shi, me ya rage a ransu bayan kwana 2. Sannan ka ɗauko takardar alkawarinka ka gwada da abin da suka faɗa. Idan mai karatu, wanda bai taɓa ganin takardar ba, ya ce maka "wallahi na tsani uban nan da farko, amma a ƙarshe sai da na yi masa hawaye", aikinka ya cika alkawari, saura share-share.

Wajen karɓar gyara, ka bambance abu biyu. In mutum biyu da ba su haɗu ba suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, akwai dutse a wurin, ka duba. In kuwa wannan ya ce a tsawaita ƙarshen, waccan ta ce a gajarta, ɗanɗano ne ya bambanta, kuma hukunci ya dawo hannunka. Mai karatu yakan yi daidai wajen nuna inda ke ciwo, amma maganin da zai rubuta maka sau da yawa nasa labarin ne yake so ka rubuta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kuma kada ka shiga yawon kai rubutu daga hannu zuwa hannu, duk wanda ya faɗi tasa ka koma ka canza. Na ga labarin da ya bi ta hannun mutum 9, ya fito ba ya ɓata wa kowa rai, ba ya kuma motsa kowa.

Idan har yanzu kana shakka tsakanin kwafi biyu, yi wannan gwaji. Ɗauki shafi ɗaya daga kwafin yanzu da takwaransa daga na zagaye 2 baya, cire duk alamar da za ta nuna wanne ne sabo, ka ba wani ya zaɓa. In ya kasa bambancewa, ko ya zaɓi tsohon, ka samu amsarka.

Mataki na bakwai: gane tsoro idan ya sa rigar gyara

Zan faɗi wannan a fili domin na sha shi. Sau da yawa rubutu ya daɗe da nuna, mai shi ne bai shirya ba. Muddin yana cikin aljihun tebur ana "gyarawa", ba wanda zai ce bai yi kyau ba, ba edita da zai mayar da shi, ba wanda zai yi shiru bayan ya karanta. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: da a ce za a buga shi gobe ba da sunana ba, zan yarda ya fita haka? In amsar e ce, to ba rubutun kake karewa ba, kanka kake karewa. Wannan tsoro ba abin kunya ba ne, alama ce ta cewa ka sa ranka a aikin. Sai dai ƙarin zagaye ba ya rage shi ko kaɗan.

Ɗaya gefen ma gaskiya ne, kuma dole in ambata shi, don kada wani ya ɗauki wannan jagora hujjar sakin aiki ɗanye. Gajiya ba gamawa ba ce. Idan akwai wani babi da duk lokacin da ka iso shi kake saurin wucewa, kana fatan mai karatu ba zai lura ba, zai lura. Wannan ƙaiƙayin da ke nuna wuri ɗaya takamaimai, ka saurare shi ka koma. Wanda ya bazu ko'ina, ba ya iya nuna shafi, shi ne na tsoro. Haka kuma akwai aikin da matsalarsa ta fi ƙarfin hannunka na yau. Ka san akwai abin da ya rasa, ka gwada hanya 3 ba ta ɓulle ba. Shi ma a daina gyara shi, a ajiye da 'yar takarda mai bayanin inda ya tsaya. Wataƙila marubucin da za ka zama nan da shekara 3 ya warware shi cikin mako guda, amma ba za ka zama shi ba sai ka rubuta wasu abubuwan.

Mataki na takwas: sa rana, ka saki

Zaɓi ranar da za ka miƙa aikin, ka gaya wa wani da zai tambaye ka. Kwana 3 kafin ranar, a daina duk wani babban canji, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gyaran daren ƙarshe shi ya fi haifar da sababbin kurakurai. Yi karatun ƙarshe a wata siffa da idonka bai saba ba: buga shi a takarda, ko canza girman haruffa, ko karanta a waya in a kwamfuta ka rubuta. Kurakuran ƙa'ida kawai za ka taɓa. Sa wa fayil ɗin suna da kwanan wata, adana kwafi a wuri biyu, ka tura.

Bayan ya fita za ka ga abin gyara, wataƙila a ranar ma. Kuskuren harafi ko na gaskiyar magana, rubuta shi a littafi na musamman don bugu na gaba. Sauran kuwa, irin su "da na sani da na fara daga babi na 2", ka rubuta su a wani shafi daban mai taken aikin da ke tafe, domin can ne za su yi amfani. Mawaƙin Amurka Walt Whitman ya fitar da littafinsa Leaves of Grass a 1855 da waƙoƙi 12, ya yi ta ƙari da gyara bugu bayan bugu har zuwa rasuwarsa a 1892, lokacin da suka kusa 400. Amma duk wannan gyaran ya yi shi ne a kan littafin da tuni yake hannun mutane tun bugun farko.

Shi kuwa labarin nan nawa mai shafi 11, kwafi na 5 na koma na ɗauko. Na dawo da abu 2 kacal daga kwafin da suka biyo bayansa: wani fage da na gajarta a na 6, da sunan wata yarinya da na canza a na 9. Na karanta shi da murya sau ɗaya, na gyara haruffa, na tura shi ranar wata Alhamis da hantsi. Jimlar ƙofar ta tafi yadda take tun farko, babu waƙafi.